Ranar da Iya Rahila Ta Je Doguwa

"Ki kama ta ta hammata, ni in ɗauki ƙafafun," in ji Mudassir.

"Ba mai ɗaukata kamar buhun masara," Iya Rahila ta ce. "Furera, ba ni kafaɗarki kawai."

Furera ta sunkuya, tsohuwar ta dafa ta. Daga ƙofar ɗaki zuwa bakin zaure inda Mudassir ya ajiye motar bai fi taku ashirin ba, amma sai da suka tsaya sau uku. Ƙafafun Iya sun kumbura har silifas ya daina shiga, haka ta tako ƙasa ba takalmi. A tsayuwa ta uku ta dafa turmi tana jan numfashi, Furera na jin ƙirjinta yana ƙugi.

"Iya, ko mu bari sai gobe?"

"Wa ya ba ki gobe?"

Shekara goma sha tara ke nan suna maƙwabtaka a bayan kasuwar Tudun Wada, katanga ɗaya ce tsakaninsu, ita ma gajera. Da aka kawo Furera amarya ta tarar da Iya Rahila a nan, Kirista ce mai sayar da man gyaɗa, mijinta ya riga ya rasu. Ita ta yi wa 'ya'yan Furera huɗu wankan farko. In salla ta zo tuwo ya tsallaka katanga, in Kirsimeti ta zo shinkafa ta tsallako, da naman kazar da Iya kan ba mijin Furera ya yanka da hannunsa. Makon jiya aka sallamo Iya daga asibiti. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, a koma gida a ci gaba da shan magani. Bai ƙara komai ba, kowa kuma ya gane.

Shekaranjiya sai Iya ta ce lallai a kai ta wani ƙauye gaba da Doguwa, wurin wani tsoho Malam Ɗantani. Furera ta nemi izinin mijinta, ta kira ƙanenta Mudassir da ke jigilar fasinja a wannan hanyar.

Suna zaunar da ita a kujerar baya wayar Furera ta yi ƙara. Audu ne, ɗan Iya tilo, daga Kaduna.

"Maman Husna, don girman Allah kar ki biye mata. Hanyar nan za ta ƙarasa ta. Ranar Asabar ina tafe."

Iya ta miƙo hannu, Furera ta kara mata wayar a kunne.

"Audu, in na mutu a hanya, Allah yana hanya. In na mutu a gado ban je ba, kai za ka kai min saƙon?" Ta ɗan saurara. "To ka gani. Allah ya kawo ka lafiya."

Lokacin kaka ne. An karye masara, shinkafa ta yi ja a fadamu, ko'ina a gefen titi an baza barkono a kan leda. Furera ta zauna a baya, kan Iya a kafaɗarta. Ta san an taɓa yi wa Iya rasuwar 'ya mace, amma iyakar abin da ta sani ke nan. Sai da suka bar gari sannan Iya ta fara magana, tana yi tana hutawa.

"Sunanta Kyauta. Shekararta uku. A ƙauyenmu ne, can wajen Burumburum, Audu yana goye. Ƙyanda ta shigo da bazara. Ubansu ya tafi cin rani, ba mota, ba asibiti. Jikin yarinya kamar garwashi. Sai na goya ƙanen, na saɓa ta a kafaɗa, na tafi gidan babana."

"To ai gidan uba ne, Iya."

"Babana Bamaguje ne. Har ya mutu bai shiga coci ba. Ya ba ta jiƙo, ya yanka kaza, ya ɗaura mata wani ƙulli a wuya. Ban hana ba. Da a lokacin ya ce in ci ƙasa ta warke, wallahi da na ci. Kwana biyu ta mutu."

Ta yi tari mai tsawo. Furera ta goge mata baki da gefen mayafi.

"Ɗantani ne mai bisharar ƙauyenmu a lokacin, saurayi, bakinsa kamar wuƙa. A bakin kabari ya ga ƙullin. Ya buɗe Littafi ya karanta inda aka ce mutuwa ita ce ladan zunubi. Ya rufe, ya dube ni a gaban jama'a, ya ce uwar da ta koma wa tsafi da hannunta ta buɗe wa mutuwa ƙofa. Ran Lahadi na zauna a benci, mata suka matsa. Shekara guda ba a bar ni na shiga zumuntar matan coci ba. Uban Audu ya dawo, aka gaya masa. Har ya koma ga Allah bai ce ke ce ba, bai kuma ce ba ke ba ce."

"Iya, ai ajali ne," Furera ta ce, idonta ya cika. "Kowa da ranarsa a rubuce. Mu a wurinmu ba mai ɗaukar laifin wani."

"Na san haka kuke cewa, kuma magana ce mai sanyi. Amma da Littafina aka soke ni, 'yar nan. Da shi nake so a zare."

"Ba ki tambayi Fasto Irimiya ba? Na ga ya daɗe a wurinki ran Talatar da ta wuce."

"Na tambaye shi. Ya ce tun daga Adamu ne, da ya ci abin da aka hana shi mutuwa ta shigo, ta bi zuriya duka, kamar rijiyar da aka ɓata tun daga ido, babba da yaro kowa ya sha. Yaron kirki ne, ya yi bayani da kyau. Amma ba shi ya yi maganar ba."

A tsakiyar dajin Falgore numfashin Iya ya sarƙe. Idonta ya juya, hannunta ya saki. Mudassir ya taka birki ya gangara gefe. Furera ta buɗe ƙofa, ta yayyafa mata ruwa tana kiran sunanta, tana salati da ƙarfi. Can Iya ta ja iska, ta buɗe ido.

"Yaya, mu juya," Mudassir ya ce. "In wani abu ya faru a motata me zan ce wa ɗanta?"

Furera ta dubi tsohuwar. Ba ta iya magana ba tukuna, amma ta ɗaga yatsa ɗaya ta nuna gaba.

"Ja mu tafi," Furera ta ce. "Ni zan ce masa."

Kafin azahar suka isa. Sun yi tambaya sau biyu aka nuna musu wani gida mai dangar kara kusa da ƙaramar coci. Malam Ɗantani yana zaune a gindin mangwaro yana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Dogon tsoho ne, ya rame, yanar ido ta rufe masa idanu biyu fari fat. Surukarsa ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Furera ta zauna a bayan Iya, ta jingina ta da ƙirjinta don ta iya zama. Aka gaisa, aka tambayi gajiyar hanya da mutanen gida.

"Ban gane muryar ba," in ji tsohon.

"Rahila ce, matar marigayi Bawa. Uwar Kyauta."

Hannunsa ya tsaya a cikin ƙwaryar. Sannan ya ture ƙwaryar gefe, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Na gane ki," ya ce.

"Malam, kwanakina sun ƙare. Ban zo faɗa ba, ba ni da numfashin faɗa. Tambaya na kawo. Daga ina mutuwa ta fito?"

"Rahila..."

"Ka amsa min kamar malami. Da ka yi waccan maganar ba ka yi in'ina ba."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Abin da aka koya mana, kuma akasarin malamai a kai suke, shi ne ta mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi. Adamu ke nan. Na yi wa'azin wannan shekara da shekaru. Amma da na zauna da Littafin sosai sai na ga abin da ya tsayar da ni. An gaya wa Adamu ranar da ya ci zai mutu. Ya ci, bai faɗi a ranar ba, ya yi ɗaruruwan shekaru yana noma yana haihuwa. Shi ya sa wasu malaman suke cewa mutuwar da ta same shi a ranar ita ce rabuwa da Allah, ta jiki daga baya ta zo."

"Sai kuma me?"

"Wasu kuma suna cewa tun farko da ƙasa aka yi shi, abin da aka yi da ƙasa kuwa ba ya dawwama da ƙarfin kansa. Akwai wani itace a gonar, na rai, shi ne zai riƙe shi. Da aka fitar da shi aka tsare hanyar itacen, sai ƙasa ta koma halinta. Har akwai masu cewa tsarewar nan jinƙai ce, don kar mutum ya dawwama cikin wahala ba ranar hutu."

"Kai wanne ka ɗauka?"

"Na farkon ban sake shi ba. Na ƙarshen kuma, tun da na binne matata bayan jinyar shekara shida, na daina yi masa gardama. Ban san inda suka haɗu ba. Allah ya sani."

Iya ta gyaɗa kai a hankali. Furera na jin bugun zuciyarta ta bayanta, yana gudu yana tsayawa.

"A cikin ukun nan," Iya ta ce, "wanne ne ya ce Rahila ce ta kashe 'yarta?"

"Babu."

"Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

"Babu ko ɗaya! Ayar da na karanta a kan dukanmu take magana, da ni da ke da kowa. Ni na ɗauke ta na ɗora a kanki ke kaɗai. Har akwai wurin da aka kawo wa Yesu maganar wani da aka haifa makaho, aka tambaye shi laifin wa ne, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba na kowa ba ne a cikinsu. Zuwa wurin tsafi kuskure ne, ban janye wannan ba. Amma ƙyanda ce ta kashe yarinyar. A waccan bazarar yara tara na binne, takwas ba wanda ya ɗaura musu komai."

"Yaushe ka gane haka?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ya fi shekara talatin."

"Ba ka zo ba."

"Kunya ce. Sau biyu na zo kasuwar Tudun Wada, aka nuna min layinku. Na juya."

Furera ta zaci Iya za ta yi kuka, ko ta zage shi. Sai ta ji ta ɗan yi dariya, wadda ta ƙare da tari.

"Labarin makahon nan na san shi, Malam. Da na shiga yaƙi da jahilci na koyi karatu, da yatsana na bi shi layi-layi. Amsar tana hannuna tuntuni. Ba ita na zo nema ba."

"To me kike so? In gafara ce, ni ke roƙo. Ki yafe min, Rahila."

"Na yafe, don ba zan je gaban Allah da kaya ba. Amma a gindin mangwaro ka janye, a gaban mutum uku. A bakin kabari ka faɗa, a gaban gari. Za a kai ni ƙauyenmu a binne. Kai nake so ka tsaya a kaina, ka faɗi abin da ka faɗa yanzu, ka kira sunan yarinyar."

"Ba na gani. Shekara biyar ban hau mota ba."

"Ni da ƙafar wa na zo?"

Wata kaza ta zo ta fara tsattsagar gyaɗar da ke ƙwarya, ba wanda ya kore ta.

"In ina da rai, zan zo," ya ce.

"Furera, kin ji. Ke ce shaida, ke kuma za ki aiko mota."

A hanyar dawowa Iya ta yi barci tun daga Doguwa har gida. Washegari ta sha kunu rabin kofi, ta sa aka kira 'ya'yan Furera ta shafa kan kowa. Ran Alhamis ta daina karɓar ko ruwa. Furera ta kira Audu ta ce kar ya jira Asabar. Ya iso da la'asar, ta gane shi, ta riƙe masa yatsu. Ran Juma'a da hantsi, matan zumunta huɗu suna waƙa ƙasa-ƙasa a bakin gado, Furera na matsa mata ƙafa, numfashin ya yi tsawo, ya sake yin tsawo, bai dawo ba. Furera ce ta rufe mata ido.

Bayan an ɗan natsu ta sami Audu da Fasto Irimiya a zaure suna tsara jana'iza. Ta durƙusa daga gefe, ta yi musu gaisuwa, sannan ta faɗi wasiyyar tun daga farko.

Fuskar Audu ta canja. "Wannan mutumin? Na san labarin, a bakin yara na fara jin sa ina ɗan firamare. Shi zai tsaya a kan uwata? Ba zai taka wurin ba."

"Audu, ba shawara na kawo ba, saƙo ne."

"Maman Husna, kin yi mana komai, Allah ya saka. Amma wannan maganar cikin gida ce, kuma ta coci ce."

Maganar ta yi mata zafi, amma ba ta tashi ba.

"Gaskiya ne, ba addinina ba ne, ba kuma uwata ba ce ta jini. Amma a kan kafaɗata ta suma a dajin Falgore, ta farfaɗo ta nuna gaba da yatsa. Ta ce ni ce shaida. In ka hana, ka hana, ikonka ne. Sai dai gobe da asuba Mudassir zai tafi Doguwa, in ya kawo tsohon kai za ka gaya masa ya koma, da bakinka."

Fasto Irimiya ya dafa gwiwar Audu. "Ni zan yi addu'ar buɗewa," ya ce. "Sauran a bar wa Mama abin da ta roƙa."

Audu ya rufe fuska da hannu biyu. Bai ce e ba, amma bai sake cewa a'a ba.

Ran Asabar aka kai ta ƙauyen. Maƙabartar tana bayan coci, gonar dawa ta kewaye ta. Mutane sun taru da yawa, har da tsofaffi 'yan kaɗan da aka kawo wa benci. Furera ta tsaya daga baya a inuwar wata ɗorawa tare da matan layinsu da suka rako gawa. An sauke akwatin, an yi waƙa biyu, motar Mudassir ba ta iso ba. Fasto yana ta duban hanya. Furera ta kira waya, ba sabis. Har masu shebur sun matso sai ga motar tana tangaɗi a kan burtali.

Mudassir ya riƙo hannun tsohon har bakin ramin. Malam Ɗantani ya sa farar riga da ta yi masa yawa. Bai riƙe Littafi ba. Ya laluba da sandarsa har ya ji inda ƙasa ta ƙare, ya tsaya.

"Ni ne Ɗantani," ya ce. "Tsofaffinku sun san ni. Shekara arba'in da uku da suka wuce na tsaya a wannan wurin, a kan wata yarinya mai suna Kyauta, 'yar Bawa da Rahila. Na faɗi abin da Littafi bai faɗa ba."

Muryarsa ba ta da ƙarfi, sai da jama'a suka yi tsit sannan ta iso gindin ɗorawar. Ya yi maganar Adamu, ya yi ta ƙasar da aka yi mutum da ita, ya yi ta itacen da aka tsare. Ya ce malamai sun daɗe suna juya waɗannan, shi ma bai kai ƙarshensu ba. Ya ce abu ɗaya ya tabbata: mutuwa gadon kowa ce, ba a taɓa ba wani mai wa'azi izinin ya nuna uwa da yatsa ya ce ita ta jawo ba.

"Rahila ba ta kashe 'yarta ba. Ta ɗauke ta ne ta yi gudu da ita inda take zaton akwai taimako. Wanda ya ji waccan maganar daga bakina, ya ji wannan. Wanda ya gaya wa 'ya'yansa waccan, ya koma gida ya gaya musu wannan."

Wata tsohuwa a kan benci ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Audu yana tsaye kamar an dasa shi. Da aka zo zuba ƙasa, tsohon ya sunkuya yana lalube bai samu ba. Audu ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya ɗebo da hannunsa ya zuba masa a tafi.

Sai bayan la'asar suka dawo Tudun Wada. Audu ya kwana uku yana karɓar gaisuwa, ya kulle gidan, ya bar wa Furera makulli ya koma Kaduna.

Washegarin tafiyarsa, bayan ta sallami yara makaranta, Furera ta fito da tsintsiya ta share ƙofar gidanta. Ta kai daidai bakin kwata inda ta saba tsayawa, ta miƙe ta dafa ƙugu. Ganyen darbejiya ya zuba a ɓangaren ƙofar Iya, har kan dakalinta. Ta buga gindin tsintsiyar a tafin hannunta, ta tsallaka kwatar, ta ci gaba da shara.